Malam Haruo, mai zanen da ya tura ni gida

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya riske ni. Na tsaya gaban wata bakala, wato ɗan shago, a unguwar Nasiriya zan sayi shayi kafin in wuce wurin aiki, sai na ji saƙo ya shigo. Na duba, lambar Japan ce. Na ɗauka shi ne, har na fara murmushi.

Ashe 'yarsa ce.

"Babana ya rasu shekaranjiya a asibiti. Ya sha ambaton sunanka a gida, shi ya sa na nemo lambarka a wayarsa."

Sau uku na karanta. Mai shagon yana ta miƙo mini kofin, ni kuwa na kasa ɗaga hannu in karɓa.

Malam Haruo ya tafi.

Waɗanda muka daɗe tare a shafin nan za ku tuna shi. Shi ne tsohon nan siriri mai farin gashi da na taɓa sa hotonsa yana zaune gaban tuwo da miyar kuka, ya ƙura wa kwanon ido kamar wanda aka ba jarrabawa. Sababbin abokai kuma, bari in gaya muku ko wane ne.

Mai zanen manga ne. Manga su ne littattafan nan na mutanen Japan da ake ba da labari cikin zane, hoto bayan hoto, maganar mutane a rubuce cikin 'yan da'irori kusa da bakinsu. Daga dama ake buɗe su, kamar littafin Larabci. Wani kamfani a nan Riyad ya ɗauko shi ya koya wa samari da 'yan mata wannan sana'a, ni kuma direba ne a kamfanin. Aka ce in je filin jirgi in ɗauko baƙo. Daga ranar har ya bar ƙasar nan, kusan shekara biyu, ni ke kai shi, ni ke dawo da shi.

Ɗalibansa Sensei suke ce masa, wato malami a yarensu. Ni dai Malam nake cewa. 'Yan ɗakinmu kuwa suka mayar da shi Malam Haruna, kuma yana amsawa. Shi ma bakinsa bai iya Lawali ba, Rawari-san yake kirana. Tun ina gyara masa har na haƙura.

Ranar farko na buɗe masa ƙofar baya, sai ya rusuna mini, ya zagaya ya shiga gaba kusa da ni. Shekarata bakwai ina tuƙi a garin nan, ba a taɓa rusuna mini ba. Na rasa yadda zan yi, ni ma na rusuna. Shi kuma ya sake. Sai da wani mai taksi ya danna mana hon sannan muka bari.

Turancinsa guntu-guntu ne, nawa ma haka. In magana ta ƙi, sai ya zaro ɗan littafi daga aljihun riga ya zana abin da yake nufi. Ranar da yake neman kantin magani kansa ya zana, riƙe da ciki, ga ƙaton farantin kabsa, shinkafa da naman nan na Larabawa, a gefe. Na yi dariya har na kusa wuce kwanar.

Lokacin ana ta haƙe-haƙen hanyar jirgin ƙasa, ko'ina an toshe titi. Tafiyar minti ashirin sai ta ci mana awa guda. Cikin gosulon nan na ji tarihinsa, yau kaɗan, gobe kaɗan.

A wani ƙaramin gari na masunta aka haife shi, can arewacin ƙasarsu. Babansa yana da jirgin kamun kifi, yana son ɗansa ya gaje shi. Shi kuwa da zarar jirgi ya bar gaɓa sai amai. Ya ce babansa bai taɓa zaginsa a kan haka ba, kallonsa kawai yake yi ya kau da kai, kuma wannan ya fi zagin ciwo.

Yana da shekara sha takwas ya tafi Tokyo da jaka ɗaya. Ya samu wani babban mai zane ya ɗauke shi cikin masu taimaka masa. Shekara tara ya yi a nan bai zana fuskar mutum ko ɗaya ba. Gidaje ake ba shi, da turakun lantarki, da duwatsu, da ruwan sama. Maigidan ya zana jarumai, shi ya cike bayansu. Littafi ya fito, sunansa ba ya ciki.

Na ce, "Malam, shekara tara? Ba ka gaji ba?"

Ya ce, "Na gaji tun a ta biyu. Amma kunyar komawa gida ta fi gajiyar."

Duk labarin da ya kai wa masu mujalla sai su dawo masa da shi. Daga ƙarshe suka karɓi guda: labarin wani ma'aikacin gidan waya da ke kai wasiƙu tsibiri-tsibiri a ɗan jirgin ruwa. Babu faɗa a ciki, babu dodo, babu wanda ke tashi sama. Kowane mako wasiƙa ɗaya, da abin da ta tarar a gidan da aka kai ta. Ya yi shekaru yana fitowa. Bai yi irin sunan waɗanda ake mayar da aikinsu katun a talabijin ba, shi da kansa yake faɗa, amma ya ce har tsufansa akwai mutanen da ke rubuto masa daga ƙauyuka.

Ya nuna mini juzu'i ɗaya. Ban iya karanta ko harafi ba, amma na gane wata tsohuwa da ke fitowa bakin ruwa kullum, kuma na gane babu wasiƙarta. Na daɗe a shafin nan.

Kafin in zo Saudiyya, fentin manyan motoci nake yi a Gusau. Zaki, ɗawisu, dabino, duk abin da mai mota ya ce. Tun da na zo na ajiye, sai dai in ina jiran wani in ɗan yi wasa da biro a bayan kwalin ruwa. Rannan Malam ya fito daga aji da wuri ya kama ni. Wata roka na zana, an lafta mata buhunan albasa.

Ya karɓi kwalin, ya cire tabarau, ya daɗe yana dubawa. Ina jira ya ce ya yi kyau.

Sai ya sa yatsa a kan tayar baya ya ce, "Motar cike take da kaya, amma tayar nan ba ta sani ba."

Wallahi gaskiya ne. Tayar a zagaye take ɗas, kamar ba komai a kanta.

Washegari ya zo mini da alƙalami irin nasu, da kwalbar tawada, da farar takarda mai kauri. Daga nan duk ranar Alhamis sai mu iso da wuri, mu zauna a mota cikin inuwa, ya duba abin da na yi a mako. Ba ya yabo sosai. In ya ce "Hmm" ya gyaɗa kai, to ranar nan sai na kira gida na ba da labari.

Ƙananan abubuwa ne ke ta dawo mini tun safe.

Da azumi ba ya shan ruwa a motar. Na ce masa ba komai, shi ba a ɗora masa ba, ga zafin Riyad, ga shekaru. Ya ce zai sha a ofis.

In lokacin salla ya same mu a hanya, shi ke nuna mini masallaci tun kafin in yi magana. Ya zauna a mota yana zana takalman da ke bakin ƙofa.

Shekarar da aka bar mata suka fara tuƙi, wata ɗalibarsa ta zo aji da mota da kanta. Ta yi fakin a karkace, ta cinye wurin mota biyu. Ya fito ya tsaya a rana yana tafa mata har ta rufe fuska don kunya.

Amma ba don waɗannan nake rubutun nan ba. Akwai abin da ban taɓa faɗa a shafin nan ba, yau zan faɗa.

A shekararsa ta biyu, ƙanwata Balki ta kira ni ta ce jikin Inna ya yi tsanani, ta daina cin abinci, in da hali in zo. Hutuna saura wata biyar. Kun san tsarin nan, ba ka fita ƙasar sai kamfani ya sa hannu an buga maka bizar fita da dawowa. Na je wurin mudir, shugaban sashenmu. Ba mugun mutum ba ne, amma ya ce ba yanzu ba. Ga baƙo a hannuna, ga ɗalibai na shirin kammalawa, wa zai tuƙa shi? Ya ce in yi haƙuri wata guda, in sha Allah.

Na ce to. Me zan ce?

Ban gaya wa Malam ba. Kwana uku ina tuƙi, jikina a mota, hankalina a Gusau. A rana ta uku na wuce kwanar gidansa sau biyu, saura kaɗan kuma in hau bayan wata motar siminti.

Ya ce, "Tsaya a gefe."

Na tsaya.

"Rawari-san, me ya faru?"

Na gaya masa. Ban so in yi kuka gaban dattijo ba, amma ya zo.

Ya ƙura wa gilashin gaba ido. Can sai ya fara magana a hankali, yana neman kalmomi ɗaya-ɗaya. Ya ce lokacin da labarin mai wasiƙun yake tashe, mahaifiyarsa ta bugo waya ta ce babansa yana kwance. Saura kwana biyu ya miƙa aikin makon. Mujalla ba ta jira, in ka fasa mako ɗaya akwai mutum goma da ke son gurbinka. Ya ce mata zai zo da zarar ya gama. Ya gama, ya miƙa, ya hau jirgin ƙasa. Ya isa da la'asar, tsohon ya cika tun da hantsi.

"An buga shafukan," in ji shi. "Yau ba wanda ke tuna abin da ke cikinsu. Ni ma ba na tunawa."

Ya ce babansa bai taɓa ce masa komai kan zanensa ba. Har ranar da muke maganar bai san ko ya taɓa buɗe shafi ɗaya ba. Tambayar da ya shirya yi masa a jirgi ke nan.

Sai ya ɗaura bel ya ce, "Juya mota. Ofis."

Na ce, "Malam, ka bari, kada abin ya dawo kaina."

Ya ce, "Ofis."

Muka shiga. Ya sa aka kira mai yi masa tafinta, don ya ce ba ya son Turancinsa ya ɓata maganar. Ya tsaya gaban teburin mudir ya rusuna, irin rusunawar da ban taɓa ganin ya yi ba, kansa kusan daidai da teburin. Kuma bai ɗago ba. Tsoho mai furfura, baƙon da kowa a kamfanin ke ji da shi. Mudir ya miƙe da sauri yana cewa "La, la, ya ustaz," yana ƙoƙarin ɗago shi.

Daga sunkuyen ya yi magana, tafinta yana juyawa. Ya ce in saboda shi ne aka hana ni, daga gobe taksi zai riƙa hawa. In kuma dole sai da ni zai iya zuwa aji, to shi ma ya tafi hutu har in dawo. Mudir ya zaɓi ɗaya.

Washegari kafin azahar aka sa hannu.

Kwana shida na samu da Inna.

Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Da na shiga ɗakin ta buɗe ido ta ce, "Kai ne?" Na ce ni ne. Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce Balki ta gaya mata ba za su bar ni ba, ya aka yi? Na ba ta labarin tsohon.

Ta ce, "Musulmi ne?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "To, Allah Ya shirye shi. Ka ce masa wata tsohuwa ta gode."

Ni na riƙa ba ta kunu da cokali. Ni na riƙa juya ta. Ta yafe mini, na ji da kunnena, ba a waya ba. Ranar da ta cika ina zaune kusa da kanta, kuma ina cikin waɗanda suka sa ta a kabari.

Duk wanda ke ƙasar nan da igama, katin izinin zama, a aljihu ya san abin da nake faɗa. Mu nawa ne aka kira mu aka ce an riga an kai?

Da na dawo, ɗalibansa ne suka ba ni labarin watan da ya yi da taksi. Wani direba ya kai shi wata unguwa daban, ya yi tafiya a ƙasa cikin rana har ya kusa faɗuwa. Shi bai taɓa ambata mini ba. Na isar masa da saƙon Inna kamar yadda ta faɗa, ban rage komai ba. Ya cire tabarau ya yi ta gogewa da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

Bayan mako biyu ya tambaye ni ko ina da hotonta. Na ce ba ta yarda a ɗauke ta. Ya ce in zana ta. Na ce zuciyata ba ta kwanta da zana fuskarta ba, ita ma ba za ta so ba.

Ya ce, "To zana inda take zama. Shekara tara ban yi komai ba sai wannan. Wuri yana faɗin mai shi."

Na zana tsakar gidanmu. Dogonyaron, da tabarmarta a gindinsa, da buta, da carbi a rataye jikin ƙusa, da takalminta ɗaya ya hau kan ɗaya yadda take cire su. Na kai masa ranar Alhamis. Ya duba ya duba. Bai gyara komai ba, bai ce "Hmm" ba. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Yana nan a bangon ɗakinmu. Balki ta ce in aika mata, na ce sai dai hotonsa.

Wajen ƙarshen zamansa na lura hannunsa na dama ya fara rawa. In ya riƙe kofi sai ka ji yana kaɗawa a kan faranti. Ya daina zana mini abu a ɗan littafin, sai dai ya yi ta kokawa da Turanci. A aji kuma, in ji ɗalibai, sai ya sa ɗaya daga cikinsu ya ja layin, shi yana faɗa. Kamfani ya so ya ƙara shekara, ya ce a'a. Ya ce mini malamin da ba zai iya nunawa da hannunsa ba, surutu kawai yake yi.

Ganinmu na ƙarshe a filin jirgin Sarki Khalid ne, da safe. Na sauke masa jakunkuna, wannan karon ya bari na ɗauka. Muka tsaya bakin inda ba a barin masu rakiya su wuce. Na shirya maganganu da yawa tun a hanya, duk suka gudu.

Ya ce, "Rawari-san, kada ka ajiye alƙalamin nan. Ko layi ɗaya ne a rana."

Na ce in sha Allah.

Ya ce, "In sha Allah na gaske, ko irin na mudir?"

Muka yi dariya har mutane suna waiwaye. Ya ja baya zai rusuna, ni kuwa na rungume shi. Su ba al'adarsu ba ce, jikinsa ya sandare, sannan na ji hannun nan mai rawa yana bubbuga bayana. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A ranar na san ba lafiya gare shi ba, amma ban tambaya ba.

Bayan ya koma mukan yi saƙo jefi-jefi. Mako uku da suka wuce ya turo mini hoton teku, da alama ta taga aka ɗauka. Ya rubuta a ƙasa, "Yaya ake cewa teku da Hausa?"

Ina kan hanya lokacin. Na ce zan ba shi amsa in na tsaya. Aiki ya sha kaina, na manta.

Yau 'yarsa ta ce tagar asibiti ce.

Kalma ɗaya ce fa. Harafi huɗu.

Na san akwai masu shirin tambayata a kwament, don haka bari in faɗa da kaina. Iyakar sanina bai musulunta ba. Na san abin da malamai suka ce game da hakan, kuma ba zan ƙetare shi ba. Lamarinsa yana hannun Wanda Ya halicce shi, Wanda Ya fi ni sanin yadda ya ƙare, kuma ba Ya zaluntar kowa ko da ƙwayar zarra. Don Allah kada a mayar mini da wurin nan filin gardama yau. Ni dai shaida nake bayarwa kan abin da idona ya gani: mutumin nan ya yi mini alherin da ba zan iya rama shi ba.

Ya bar mata ɗaya, tsohuwa ce ita ma, da 'yar nan tasa guda.

Ya Allah Ka ba su haƙuri da juriya. Ka sanyaya zukatansu, Ka haɗa su da masu tausaya musu kamar yadda ya tausaya wa baƙo, Ka haskaka musu hanya zuwa gare Ka. Ya Allah Ka jiƙan Innata, Ka yalwata kabarinta, Ka jiƙan dukkan iyayenmu da suka rigaye mu. Mu da ke nesa da gida, Ka sada mu da namu suna raye. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya ɗan tsaya ya sa iyalan Malam Haruo cikin addu'a, ya sa Hajiya Inna, ni ma ya sa ni. Yau ina buƙata.